Dutse, Laka da Doka: Gidan Tarihi a Ƙauye da Matsalar Adana Shi a Ƙasar Gobir

Tsakure

Wannan takarda ta dubi gidan tarihi na ƙauye, irin wanda hukuma ke sa wa hannu ta hana a rushe ko a sauya, ta fuskar ƙasar Gobir da ke gabashin Jihar Sakkwato, wato Kamarawa da sauran ƙauyukan Isa da Sabon Birni. Ta nuna cewa dokar adana gine-gine da muka gada an yanka ta ne daidai jikin gidan dutse, alhali gidan da ke gabanmu na ƙasa ne. Ta bi ta kan Surame da Alƙalawa da Gidan Madaki na Kafin Madaki, sannan ta tsaya a kan yadda ake gina soron ƙauye da yadda yake mutuwa. Hujjarta ita ce gidan ƙasa ba ya tsayuwa sai da mazauninsa da magininsa da itatuwan da ake gyara shi da su, don haka duk rajistar da ta bar waɗannan a waje ba ta adana komai ba.

Gabatarwa



A Ingila, tun daga dokar tsara birane da ƙauyuka ta 1947, hukuma ke riƙe da jerin gine-ginen da ta ɗauka na tarihi ne, ta kasa su mataki uku gwargwadon darajarsu. Gidan da ya shiga wannan jeri, ko taga mai shi ba ya sauya wa sai da izini. Faransa ta riga ta, domin dokarta ta adana gine-ginen tarihi ta fito tun 1913. Da yawa daga gidajen da ke cikin waɗannan jeruka ba fadoji ba ne, gidajen manoma ne da masaƙa a ƙauyuka, bangonsu dutse, wasu har rufinsu falalen dutse ne. Irin wannan gida, ko an kulle shi an tafi shekara talatin, rufi zai yi yoyo, itace zai ruɓe, amma za a dawo a tarar da bango a tsaye. A kan wannan ɗabi'a ta dutse aka ɗora dokar. Abin da take tsoro shi ne hannun mutum, saboda haka aikinta shi ne ta janye hannun.

Nijeriya ta karɓi wannan tunani ta hannun Kenneth Murray, wanda ya jagoranci sashen kayan tarihi tun 1943. Aka yi dokar kayan tarihi ta 1953, sannan doka mai lamba 77 ta 1979 ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa. Tambayar da wannan takarda ke yi ita ce: me ke faruwa idan aka ɗauki dokar da ke janye hannu aka ɗora ta a kan ginin da ba ya kai shekara biyar lafiya idan hannu bai taɓa shi ba?

Inda aka yi gini da dutse, da inda ba a yi ba

Akwai masu cewa Bahaushe bai san ginin dutse ba. Surame ta isa ta ƙaryata su. Birnin da Muhammadu Kanta ya kafa a ƙarni na 16, wanda kufansa ke cikin Jihar Sakkwato a yau, an kewaye shi da ganuwar duwatsu da aka jera aka ɗaure da laka. An bar birnin tun farkon ƙarni na 18, amma har yanzu mai ziyara yana bin sawun ganuwar da ƙafarsa, yana gane inda ƙofofi suke. An ayyana Surame cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1964, kuma a 2007 Nijeriya ta sa ta cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su. A can gabas kuma, a kan duwatsun Mandara, fadar Hidi ta Sukur da hanyoyinta na daɓen dutse su suka fara sama wa Nijeriya gurbi a jerin wuraren tarihi na duniya a 1999. Mutanen Sukur ba Hausawa ba ne, amma darasinsu ɗaya ne da na Surame: inda dutse ke kwance a bakin ƙofa, kuma akwai ikon da zai tara masu ɗauka, an yi gini da shi.

Kwarin Rima ba haka yake ba. Gulbin Bunsuru da na Gagare da na Maraɗi, waɗanda ke haɗuwa su zama Rima a wannan yanki, sun shimfiɗa fadama mai laka da jigawa mai rairayi. Akwai marmara a kan tuddai, akwai tsakuwa, amma abin da ke kusa da hannun mai gini shi ne ƙasa. Jaki ɗaya da mangala sun isa su kawo ta daga kududdufin bayan gari. Dutse kuwa sai an fasa, sai an ɗauko daga nesa, kuma babu al'adar ƙona farar ƙasa a yi abin ɗaure shi. Duk mai hankali ƙasa zai zaɓa. Inda dutse ya shiga ginin ƙauye a nan, a harsashi ne da gindin rumbu, inda ake ɗora rumbun a kan duwatsu don a raba shi da danshi da gara, sai kuma bakin rijiya.

Sakamakon wannan zaɓi yana nan a Alƙalawa. Sarkin Gobir Babari ya kafa ta a tsakiyar ƙarni na 18 a kan ƙasar Zamfara, Bawa Jan Gwarzo ya yi mulki a cikinta, kuma a nan Yunfa ya faɗi lokacin da rundunar jihadi ta ci birnin a 1808. Surame ta girmi Alƙalawa da kusan shekara ɗari biyu, ta kuma riga ta zama kufai da kusan shekara ɗari. Duk da haka Surame ce ke da bangon da za a nuna wa baƙo. A Alƙalawa abin da ya rage tuddai ne da tsingaro da kaburburan sarakuna da Gobirawan Nijeriya da na Nijar ke kai wa ziyara. Ba ƙarancin gwaninta ya jawo haka ba. Birni ne na ƙasa da aka raba da mutanensa, ƙasar ta koma inda aka ɗebo ta. Gobirawa kuwa suka ci gaba da gini a wasu wurare, a Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836, daga baya kuma a Sabon Birni.

Gidan Madaki

Idan ana neman gidan ƙauye da doka ta sa wa hannu a Arewa, babu misalin da ya kai Gidan Madaki a Kafin Madaki, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Ganjuwa a Jihar Bauchi. An gina shi wajen 1860, kuma a 1956 ya shiga sahun farko na gine-ginen da aka ayyana na tarihi a ƙasar nan. Ana jingina gininsa ga Babban Gwani Muhammadu Durugu, sunan da ake haɗawa da Masallacin Juma'a na Zariya, wanda aka gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu a tsakanin shekarun 1830 da 1840. Bauchi ta yi nisa da Isa, amma ilmin da ya ɗaga wannan gida ilmi ne da ya zaga daular Sakkwato gaba ɗaya. Hugh Clapperton ya ba da labarin cewa a 1824 ya tarar ana gina masallaci a Sakkwato, kuma maginin da ke kan aikin mutumin Zazzau ne, wanda ya ce mahaifinsa ya taɓa zama a Masar. Magina na tafiya inda sarki ya kira su, da yaransu da dabarunsu.

Dabarar da ta ɗaukaka Babban Gwani amsa ce ga wata matsala guda. Ƙasa na ɗaukar nauyi idan an danna ta, amma ba ta jure ja. Abin da ke jure ja shi ne azara, wadda ake tsagawa daga kututturen giginya, an fi son namijin, saboda tsauri da kuma yadda gara ba ta cika damunsa ba. Sai dai azara ba ta ɗaukar rufin ƙasa a faɗin da ya wuce kusan mita biyu ba tare da ta lanƙwasa ba. Ɗakin talaka na iya tsayawa a nan. Sarki kuwa yana son zauren da zai ɗauki fadawa. Mataki na farko shi ne a gitta azara a kusurwoyi, ko a fito da ita daga bango hawa-hawa, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, har faɗin da za a rufe ya ragu. Mataki na biyu shi ne bakan gizo. Ana dasa azara a cikin bango ta fito a karkace, a ɗaura wata a kanta da igiya, a lulluɓe da laka, a bari ta bushe, sannan a ƙara wata. Haka ƙafa biyu ke tasowa daga bango biyu masu fuskantar juna har su haɗu a tsakiya. Idan bakuna suka gitta juna aka sami ɗaurin guga, a kansa kuma a ɗora tulluwa. Babu katakon tallafi a ƙasa kamar yadda maginin dutse na Turai ke kafawa kafin ya jera bakansa. Magini yana hawa kan abin da ya gina jiya ya gina na yau, shi ya sa ba a gaggawa, kuma shi ya sa aikin na rani ne.

Wannan bambanci yana da muhimmanci ga mai adanawa. Bakan dutse yana tsaye ne saboda duwatsun na danne juna, kuma zai iya shekara dubu a haka. Bakan gizo na tsaye ne saboda itacen da ke ɓoye a cikinsa. Ranar da danshi ya kai ga gindin azarar da ke cikin bango, ba mai gani daga waje, fentin hukuma da allon sanarwa suna nan lafiya, amma ginin ya fara mutuwa.

Zbigniew Dmochowski, masanin gine-gine ɗan Folan, ya fahimci haka, shi ya sa ya ƙarar da shekarunsa na ƙarshe yana aunawa yana zanawa, har aka buga littafinsa mai juzu'i uku a 1990 bayan rasuwarsa, kuma shi ya tsara gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos inda aka sake gina kwafin Masallacin Zariya. J. C. Moughtin da Friedrich Schwerdtfeger da Hamman Tukur Sa'ad sun ƙara a kan wannan. Amma duk wanda ya karanta su zai lura cewa idonsu ya fi karkata ga Zariya da Kano da manyan birane. Soron hakimi ko na attajirin ƙauye a gabashin Sakkwato bai samu irin wannan kulawa ba.

Soron ƙauye a ƙasar Gobir

Tsohon gidan mai hali a ƙauyukan wannan yanki yana bin tsarin da aka sani a ƙasar Hausa, amma da nasa nauyin. Zaure ne fuskar gida, nan maigida ke karɓar baƙi, nan almajirai ke karatu idan malami ne, nan ake shari'ar gona idan mai gari ne. Daga shi sai ƙofar gida, filin da samari ke kwana kuma ake ɗaure doki ko jaki, sai shigifa wadda ke tsare idon baƙo, sannan cikin gida. Ƙofofin ba sa kallon juna, don kada na zaure ya hango tsakar gida. A ciki ba komai ne soro ba. Sau da yawa zaure da turakar maigida ne kaɗai ke da rufin ƙasa, ɗakunan mata kuwa kago ne mai jinka, wani wurin har da kudandan, ɗakin da bango da rufinsa duk laka ce. Katanga na iya zama ta ƙasa a gaba, ta koma darnin kara a baya.

Abin da ya fi ɗaukar ido a ƙauyen Gobir shi ne rumbunan ƙasa, manya masu tumbi, waɗanda ake ginawa da hannu zobe-zobe, bangonsu bai fi kaurin tafin hannu ba, a rufa musu hular ciyawa. A ganina gwanintar da ke cikin babban rumbu ba ta gaza ta bakan gizo ba, domin babu azara a cikinsa, siffarsa ce kaɗai ke riƙe da shi da damman geron da ke ciki. Na kawo wannan ne saboda mai rajista da ya zo daga birni zai auna zaure ya ɗauki hoton zankwaye, ya wuce rumbu kamar bai gan shi ba, alhali a wurin mai gidan rumbu ne ya nuna ko shi wane ne.

Aikin bango yana farawa bayan an gama kaka. A haƙo ƙasa, a jiƙa, a zuba ramno ko tattakar ciyawa da kashin dabbobi, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana ta ruɓa, a sake jiƙawa a sake tattakawa. Daga ita ake murza tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana. Magini yana zaune a kan bango kamar mai hawan doki, yaro na jefo masa tubali daga ƙasa yana cafewa, wani na jefo curin laka. Yana jera tubalan a tsaye, gindi ƙasa, ya cike tsakaninsu. Bango na farawa da kauri ya riƙa sirancewa yayin da yake hawa. A kan azara ake shimfiɗa asabari ko zana, a zuba laka, a bi da ƙasa mai laushi, a karkata rufin zuwa bakin indararo. Mata ke da daɓen ƙasa, suna bugawa da madaɓi suna yayyafa ruwan makuba har ya yi santsi da duhu.

Kariyar bango daga ruwa ita ce ta fi jawo hankalina, domin a nan ne gidan ke nuna cewa ba shi kaɗai yake ba. Makuba daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa ake samunta. Laso, wanda ake shafe rufi da rawanin soro da shi, haɗi ne na katsi daga marina, da gashin da majema suka kankare daga fata, da ruwan dafara mai yauƙi. Wato kafin soro ya yi damina lafiya sai marini ya yi rini, majemi ya yi jima, ɗorawa ta yi 'ya'ya, giginya ta shekara da yawa tana girma ba a sare ta ba. Da marinar ƙauye ta mutu, laso ya bi ta. Ba wanda ya yanke shawarar a daina laso, kayan haɗinsa ne suka ɓace ɗaya bayan ɗaya.

Ruwan da ke sauka a wannan yanki bai cika wuce milimita 700 a shekara ba, amma kusan dukansa yana zuba ne tsakanin Yuni da Satumba, da iska mai dukan bangon gabas. Mutuwar soro kan fara daga abu ƙarami. Ganye ko sheƙar tsuntsu ta toshe indararo. Ruwa ya taru a bayan rawani ya kwana. Ya sami tsagar da zafin bazara ya buɗe, ya bi ta har kan azara. A cikin ɗaki sai a ga tabo a rufi, ƙasa na ɗan zubowa a kan shimfiɗa. Idan akwai mutum a gidan, da safe zai sa tsani ya hau da kwanon laka, ya zare abin da ya toshe, ya liƙe tsagar da tafin hannunsa, magana ta ƙare. Idan babu kowa, azara za ta sha ruwa damina ɗaya, ta biyu, gara ta samu hanya, sai wani dare a watan Agusta rufin ya zauna. Daga ƙasa ma haka ne. Ruwan da ke fantsama daga indararo da awakin da ke goga jiki suna cin gindin bango har ya yi ƙugu, shi ya sa dakalin ƙofar gida ba wurin hira kaɗai ba ne, garkuwar bango ne. Ambaliyar 2010, wadda ta biyo Rima ta ƙasan madatsar Goronyo, ta nuna yadda gidan ƙasa ke narkewa daga tushe idan ruwa ya tsaya a gindinsa kwana biyu.

Gidan ƙasa ɗan'uwan gona ne, kowace shekara yana da lokacin aikinsa, wanda ya tsallake kuma zai gani a damina.

Abin da doka ba ta gani

Idan hukuma ta ayyana gida, abu biyu kan biyo baya, kuma dukansu na iya cutar da ginin ƙasa. Na farko, iyalin gidan sukan ɗauka cewa gyara ya tashi daga wuyansu ya koma na gwamnati. Yaɓen da ake yi da gayya kafin ruwa ya sauka sai ya koma jiran kasafin kuɗi, shi kuwa kasafi bai san watan Mayu ba. Na biyu, idan kuɗin ya fito, ɗan kwangila ake ba, shi kuma abin da ya sani siminti ne. Shafen siminti a kan bangon ƙasa yana da kyau shekara ɗaya ko biyu. Amma siminti da ƙasa ba sa miƙewa tare a zafi, ba sa tsukewa tare a sanyi. Siminti zai tsage, ruwa ya shiga, ya rasa hanyar fita saboda an toshe wa bangon numfashi, ƙasar da ke baya ta jiƙe ta saki. Rana ɗaya sai shafen ya ɓanɓaro faifai guda, a tarar da rami a bayansa. Masallacin Zariya kansa bai tsira ba: a shekarun 1970 an rushe wani sashe nasa, abin da ya rage aka lulluɓe shi a cikin sabon ginin kankare. Bakunan Babban Gwani suna nan, amma masallacin da ya tsara, da harabarsa da ƙofofinsa, sai a zanen Dmochowski da kwafin Jos.

Duniya ta ɗan gyara tunaninta a kan wannan. Yarjejeniyar Banis ta 1964 ta fi ba da ƙarfi ga kiyaye ainihin kayan da aka yi gini da su. Takardar Nara ta 1994, wadda aka tsara a Japan inda ake sauya katakon tsofaffin wuraren ibada, ta yarda cewa sahihancin gini na iya kasancewa a cikin fasaha da al'adar da ke sabunta shi. Masallacin Jenne a Mali, wanda garinsa ya shiga jerin UNESCO a 1988, duk shekara mutanen gari ke fitowa su yaɓe shi a rana ɗaya, ba kuma wanda ya ce ya zama sabo. Agadas ta shiga jerin a 2013 da hasumiyarta ta ƙasa. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Yama, ƙauyen Hausawa a jihar Tawa ta Nijar, inda magini Falke Barmu ya fara masallacin Juma'a a 1962, ya dawo ya sauya masa rufi da bakuna da tulluwa a 1975, ya ƙara hasumiyoyi daga baya, har ginin ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Da an sa wa masallacin Yama irin dokar Ingila a 1962, da Falke Barmu bai samu izinin yin abin da ya jawo masa kyautar ba.

Ba na cikin masu zagin bulo da kwano. Manomin da ya sayar da albasa ya sayi siminti ya san abin da yake gudu: yaɓen kowace shekara, tsadar azara, 'ya'yan da suka tafi ci-rani ba mai tattaka laka, da tsoron rufin da ke faɗo wa mutane cikin dare. Abin dariya ma, gidan dutse ya iso ƙasar Sakkwato daga ƙarshe, amma a cikin buhu, domin simintin da ake yi a Kalambaina tun shekarun 1960 daga dutsen farar ƙasa na wurin ake ƙona shi. Sai dai wanda ya kwana a ƙarƙashin kwano a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san abin da aka bayar aka karɓi wannan sauƙi. Shi ya sa za ka ga dattijo ya gina wa 'ya'yansa ɗakunan bulo, shi kuma ya ƙi barin tsohon soronsa.

Gidan da babu kowa

Duk abin da na faɗa ya shafi ƙasar Hausa baki ɗaya. Abin da ya keɓanta ga Isa da Sabon Birni shi ne rashin tsaro. Shekaru ke nan 'yan bindiga na kai hari a ƙauyukan yankin, suna sa haraji, suna sace mutane. A watan Mayun 2020 an kashe mutum fiye da 70 a rana ɗaya a wasu ƙauyukan Sabon Birni. Dubban mutane sun tsallaka zuwa jihar Maraɗi, wasu sun koma garuruwan Isa da Sabon Birni da Sakkwato. Rai ya fi gini, kuma ba zan tsaya a gaban wanda ya binne ɗansa in yi masa kukan soro ba. Amma tunda maganarmu ta gine-gine ce, dole a faɗa: ƙauyen da aka watse aka bari damina uku, tsofaffin sorayensa sun tafi ko ba wanda ya sa musu wuta. Abin da ya sami Alƙalawa bayan 1808 yana samun ƙananan garuruwa yanzu, ba kuma wanda ya auna su kafin su faɗi. Idan zaman lafiya ya dawo, da yardar Allah, masu komawa da bulo za su sake gini, domin shi ne mai sauri kuma shi masu ba da agaji suka sani.

Saboda haka ina ganin aikin da ke gabanmu ba ya farawa da neman Abuja ta ayyana wani gida. Yana farawa da magina. Da yawa daga cikin tsofaffin maginan ƙauyukan nan suna zaune yanzu a garuruwan da ake iya isa, wasu ba su da aikin yi. Sassan Hausa da tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, tare da masu nazarin gine-gine, za su iya zama da su. Magini na iya zana fasalin gidan mai garinsu a ƙasa da tsinke, ya faɗi kamu nawa ne faɗin zaure, azara nawa ta shiga, daga wace fadama aka saro ta, wane ne ya ɗaura bakan, wace shekara aka sauya rufi. A ɗauki muryarsa, a mayar da zanen kan takarda, a rubuta sunayen sassan gini yadda Bagobiri ke faɗarsu, ba yadda aka rubuta su a Zariya ba.

Inda kuma gida ke tsaye kuma da mutane a ciki, abin da ya dace a nema daga jiha ko ƙaramar hukuma ƙarami ne: a san gidan a rubuce, a bar iyalinsa a ciki, a ba su ikon gyara da ƙasa ba tare da neman izini ba, a hana siminti a jikin tsohon bango, a kuma ba da ɗan tallafin yaɓe ta hannun Sarkin Magina a watan Maris ko Afrilu, kafin hadari ya fara haɗuwa. A haɗa da kurmin giginya ko gonar ɗorawa mafi kusa a cikin takardar, a dasa sababbi, domin azarar da za a sauya wa zauren nan da shekara arba'in sai an shuka ta bana.